Gurbin Rukuni na Sha Huɗu

Litinin, 9 ga Yuni, bayan Azahar

Mun koma aiki bayan hutun Sallah. Ban ko zauna ba Malam Manu na ƙauyen Ƙarfi ya shigo ofishin ƙungiyarmu ta manoma da leda a hannu. Ya zazzage ta a kan teburina. Ƙwayoyin masara ne da ya tono daga kunya, sun kumbura, sun yi baƙi, wasu har sun fara ruɓewa. Ya ce kwana goma sha biyu da shuka, ruwa uku ya sauka a kai, abin da ya fito bai kai rabi ba. Ya ce kuma ba shi kaɗai ba ne.

Wurina ya zo, bai nufi ofishin shugabanmu Alhaji Mudi ba, don kowa ya san shekara tara ni ce mai gwajin iri a nan. Duk rukunin da manomanmu suka kawo sito, ni ke ɗiban ƙwaya ɗari in jera a tiren yashi mai laima, bayan kwana bakwai in ƙirga masu tsiro. Lambar da na rubuta ita ke cewa a sayar ko kar a sayar.

Na tambaye shi lambar da ke jikin buhun. Ya ce sha huɗu.

Na ba shi ruwa ya sha. Na ce za mu duba.

Talata, 10 ga Yuni, da hantsi

Na buɗe shafin ƙungiya a kwamfuta. Jadawali biyu ne a kai kamar kullum: kore na irin da ya ci gwaji, ja na irin da aka hana sayarwa. Ni lamba kawai nake zubawa, manhajar ce ke jera su, ta raba kowa gidansa, ta yi masu kwalliya yadda ko a waya za a karanta. Sha uku yana cikin kore. Sha biyar yana cikin ja. Sha huɗu babu shi ko'ina.

Na kira Awaisu mai sito. Ya zo yana sakace haƙori, har yanzu naman layya bai ƙare a gidansu ba.

"Malama Barakatu, ni fa ja kawai nake dubawa. Abin da ba ya cikin ja, in fitar. Haka littafinki ya ce."

Haka ya ce ɗin. Ni na fassara littafin bayanin manhajar zuwa Hausa da hannuna.

Ya ce buhu arba'in ne, duk sun fita kafin Sallah, yawanci Ƙarfi. Na ce ya sharo mini abin da ya zube a ƙasan sito inda aka jera su. Na ɗibi ɗari na sa a yashi. Kwana bakwai.

Laraba, 11 ga Yuni, bayan La'asar

Mutum shida daga Ƙarfi, duk kukansu ɗaya da na Malam Manu. Kaina na ciwo.

Alhamis, 12 ga Yuni, bayan Azahar

Alhaji Mudi ya sa an kira Damilola daga Funtua. Ita ta haɗa mana shafin shekara biyu da suka wuce. Haifaffiyar Funtua ce, mahaifinta na sayar da kayan gyaran injin niƙa, Hausar bakinta ta fi ta Awaisu tsabta. Ta shigo da jakarta a baya tana haki, ta rusuna ta gaida Alhaji, ta juyo gare ni.

"Anti, kin rame. Ko naman ne bai kai gidanku ba?"

Na yi murmushi. Alhaji bai yi ba.

Ya ce mata na'urarta ta haɗiye rukuni guda. Ta ce manhaja ba ta haɗiye komai sai da dalili, a ba ta lokaci ta duba. Ya ce tun farko shi bai so abin kyauta ba. "Da saya muka yi, da akwai kamfanin da za mu riƙe. Wannan fa? Wa ya yi shi?"

Ta ce mutane ne da yawa a ƙasashe daban-daban, 'yan sa kai, kowa ya sa hannunsa, kuma kowa na iya leƙa cikinta ya ga yadda take aiki. Ya ce, "To tunda ba su da gida, ke ce gidansu."

Ranar da ta fara yi mini bayanin nan, abin ya burge ni. Na ce kamar rijiyar da bawan Allah ya haƙa a bakin hanya ya wuce, wani ya zo ya sa mata baki, wani ya rataya guga. Har sunana yana can cikin jerin masu taimako, saboda fassarar. Na nuna wa 'yata Naja'atu, ta ɗauki hotonsa.

Dami ta zauna gaban kwamfutar ofis kamar minti ashirin. Da ta tashi ba ta dube ni ba. Ta ce wa Alhaji za ta ƙara bincike a gida.

Ni ma ban ce komai ba. Ba a tambaye ni ba.

Juma'a, 13 ga Yuni, bayan Asuba

Ba a tambaye ni ba. Na sake karanta abin da na rubuta jiya, haka ne, ba ƙarya a ciki.

Asabar, 14 ga Yuni, da yamma

Na yi wanki. Na yi guga. Na gyara ɗakin girki har bayan randa. Naja'atu ta ce, "Umma, baƙi za mu yi ne?"

An yi ruwa mai yawa daga Azahar zuwa La'asar. Da can in na ji ruwa a kwano haka, hamdala nake yi. Yau lissafin kwanaki na kama yi. Masara in ta wuce ƙarshen watan nan, sai dai a yi don kar a ce ba a yi ba.

Litinin, 16 ga Yuni, da hantsi

A cikin Keke Napep na ji fasinjoji biyu na hira, wai wata Bayarabiya ta sa wa manoma mugun iri a kwamfuta. Ɗaya ya ce ai ba a sa iri a kwamfuta. Ɗayan ya ce kai dai ba ka san su ba.

Na sauka kafin in kai, na ƙarasa da ƙafa.

Alhaji ya ce kwamiti zai zauna ranar Alhamis ta sama, ashirin da shida ga wata. Ya riga ya gaya wa Awaisu abin da za a yanke: a rufe shafin, a koma rajistar takarda, a sallami Dami, a kuma rubuta wa sauran ƙungiyoyi uku da take yi wa aiki don su yi hattara. Ya ce sai an san mai laifi kafin a buɗe sito a ba mutanen Ƙarfi wani iri, don kar gobe a ce ƙungiya ta amsa laifin da ba nata ba.

Awaisu ya ce, "Ke dai kin huta, Malama. Kowa ya san ke ko allura ba ta ɓata a hannunki."

Talata, 17 ga Yuni, bayan Azahar

Na ƙirga tiren. Talatin da takwas.

Na ƙirga sau uku, ko zan samu wani abu daban. Ban yi mamaki ba. Wannan shi ne abin da ya dame ni, ban yi mamaki ba.

Laraba, 18 ga Yuni, bayan Asuba

Bari in rubuta watan Afrilu, ko na samu numfashi.

Na jera sha huɗu ranar wata Talata. Ranar Asabar aka bugo daga Maska cewa Gwaggo ta faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinta ya mutu. Na hau mashin ko kulle taga ban yi ba. Kwana huɗu na yi a can. Da na dawo, yashin tiren ya bushe ƙayau ta gefen da rana ke bugawa. Na ƙirga, arba'in da ɗaya.

Na tsaya da biro a hannu. Na ce ban sani ba, irin ne ba shi da kyau ko ƙishirwa ce ta kashe shi. In na rubuta arba'in da ɗaya, rukunin ya faɗa ja, wanda ya noma shi ya yi asarar shekara, wataƙila a kan sakacina. In na rubuta wata lamba, na yi ƙarya. Sai na buɗe layin sha huɗu a kwamfuta, na sa suna, na sa kwanan wata, na bar gurbin lamba babu komai. Na ce gobe in sake jerawa.

Da goben ta zo aka sake kira daga Maska. Washegari rukuni tara suka shigo lokaci guda.

Haka aka koya mini. Gwaggo ce ta koya mana karatu a zaurenta, mu 'yan mata goma sha. In kina rubuta allo kika yi shakkar harafi, ba ki canka. Ki bar masa wuri. Ta fi yafe allon da ke da gurbi goma a kan wanda ke da harafi ɗaya na ƙage. Shekara arba'in ina kan haka, har takardar asibiti ba na cike abin da ban tabbatar ba.

Ban yi ƙarya ba. Ban rubuta abin da ban gani ba.

Lokacin sallar walaha ya yi tun ɗazu, ban tashi ba. Bari in tashi.

Laraba, bayan La'asar

Akwai saura. Na buɗe littafin bayanin, na Turanci a hagu, nawa a dama. Babi na huɗu, sakin layi na uku. A nawa ɗigo uku ne kawai a wurin.

Na tuna ranar. Bara ne. Na karanta sakin layin ya fi sau biyar ban gane shi sarai ba, na ce ba zan fassara abin da ban fahimta ba in ɓatar da mutane. Na sa ɗigo uku, na ce in Dami ta zo zan tambaye ta. Ta zo sau nawa tun daga lokacin? Har tuwo ta ci a gidana.

Yau na zauna da ƙamus na bi shi kalma kalma. Cewa yake duk layin da ba shi da lamba, manhaja ba za ta nuna shi a kowane jadawali ba, sai in an umarce ta ta nuna.

Sun faɗa. Mutanen nan da ban san su ba, sun faɗa tun farko.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ban je aiki ba. Na ce zazzaɓi. Akwai ɗan zazzaɓin.

Juma'a, 20 ga Yuni, bayan Azahar

Dami ta bugo sau biyu. Na kalli wayar har ta tsinke. Sai ta turo saƙo: "Anti, ya jiki? Awaisu ya ce ba ki da lafiya. Ki sha magani, ba jiƙo kaɗai ba."

Ko kalma ɗaya a kan wancan.

Na amsa: "Da sauƙi, na gode." Na daɗe ina duban kalmomin nan huɗu, ko akwai ƙarya a ciki.

Asabar, 21 ga Yuni, da yamma, a Maska

Na zo duba Gwaggo. Hanya ta yi laka, mai mashin ya sauke ni sau biyu. An ce kar in kai Magariba a hanya, don haka kwana zan yi.

Ta rame, bakinta ya ɗan karkace, amma kunnenta da harshenta suna nan yadda na san su. Ina yanke mata farce ta ce, "Barakatu, wa ya mutu?"

Na ce ba kowa.

"To me ya sa kike yanke mini farce kamar mai wankan gawa?"

Ban yi niyyar faɗa ba. Na fara da cewa wata ce a wurin aikinmu. Ta bar ni na kai ƙarshe, har ɗigo ukun. Sai ta ce, "Wannan 'wata' ɗin da kike faɗa, ita ma a zaurena ta yi karatu?"

Na ajiye abin yankan farcen.

Na ce, "Gwaggo, ke kika ce in ban tabbatar ba in bar wuri."

Ta yi ƙoƙarin gyara zama, na tallafe ta. Ta ce, "Faɗi duka."

Na ce duka ke nan.

"Ƙarya kike, rabi ne. Cewa nake yi ki bar wuri, ki ɗauko allon, ki zo ki tambaye ni. Yaushe na taɓa cewa ki bar wuri ki jingine allo ki tafi wasa? Wa ya taɓa tashi daga zaurena da gurbi a allonsa? Ko Magariba ta yi sai an cike."

Na ce ba wasa na tafi ba, jinyarta na zo.

"Kar ki sa ni a ciki. Ni faɗuwa na yi, ban riƙe miki baki ba." Ta huta kaɗan. "Tun kina ƙarama haka kike. Ba ki son kuskure, kuma ba ki son a ga ba ki sani ba. Sai ki yi shiru ki ce tsoron Allah ne."

Ta miƙo ɗayan hannun, na ci gaba da yankan farcen. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Ta ce kunun da ake dama mata ya cika ruwa, in yi wa matar ɗanta magana da dabara.

Lahadi, 22 ga Yuni, bayan La'asar

Na dawo. Ƙafafuna sun kumbura.

Na gwada yadda zan faɗa. Duk yadda na jera shi, sai in ga na fara da rashin lafiyar Gwaggo.

Litinin, 23 ga Yuni, da hantsi

Malam Manu ya sake zuwa. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya zauna a benci ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce ya bi kunya yana cike gurabe da ragowar hatsin ci na gida, ya san ba iri ba ne, amma ba zai zuba wa ƙasa ido tana shan ruwa a banza ba. Ya tambaya ko za a buɗe sito kafin Alhamis. Na ce sai kwamiti ya zauna.

Ya ce, "Malama, ke dai ba mu da shakka a kanki. Uwar 'ya'yana ma cewa ta yi, in da a hannun Malama Barakatu abin ya tsaya, da ba a yi haka ba. Na'urar nan ce."

Na ce Allah ya kyauta. Da shekarar nan ta yi kyau da ya aurar da 'yarsa ta biyu bayan kaka, ya faɗa mini tun bara.

Ledarsa tana cikin durowata tun ranar farko. Ban san dalilin da ya sa na ajiye ba.

Talata, 24 ga Yuni, bayan La'asar

Na je Funtua. Na ce wa Alhaji asibiti zan je, kuma na biya ta asibitin an auna mini jini, don maganar ta zama gaskiya. Dubi abin da na koma.

Na sami Dami a bayan shagon mahaifinta, tana zaune a kan kwali da kwamfuta a cinya. Ta ce ƙungiya ɗaya cikin ukun ta riga ta ce ta dakata tukuna, labari ya riga takarda isa. Ta faɗa tana dariya. Idonta bai yi dariyar ba.

Na ce, "Dami, akwai maganar da zan gaya miki."

Ta ce, "Sha shida ga Afrilu, ƙarfe goma da minti bakwai."

Ta juyo mini da kwamfutar. Ashe manhajar tana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi, wa ya yi, yaushe, me ya sa, me ya bari. Ta taɓa nuna mini, na ɗauka abin masu gyara ne, ban kula ba. Ga sunana, ga layin, ga gurbin.

"Tun ranar da Alhaji ya kira ni na gani, Anti."

Na ce me ya hana ta faɗa.

"In faɗa a gaban Awaisu? Ke da kika goya ni tun da na fara yi wa ƙungiyar nan aiki kamar ni na haife ki?" Ta gyara. "Kamar ke kika haife ni, nake nufi. Kin ga har Hausar ta gudu."

Na ce da ta faɗa da ta huta.

"Ni ma ina da nawa. Ni ya kamata in umarce ta ta riƙa nuna layin da ba lamba, ban yi ba, don na ce Anti ba ta taɓa barin aiki rabi. Wannan zan faɗa ranar Alhamis. Naki kuwa naki ne, ba zan ɗauka in kai miki ba." Ta rufe kwamfutar. "Amma in an tambaye ni kai tsaye, ba zan yi ƙarya ba. Kuma ban san yadda zan yi da Baba ba, jiya wani ya fasa sayen bel ɗin injin niƙa a wurinsa."

Mahaifiyarta ta kawo mini lemo mai sanyi, ta ce in gaida yara. Na kasa sha, na kasa bari.

Laraba, 25 ga Yuni, bayan Magariba

Na gaya wa Naja'atu. Ta ce, "Umma, ai ba da gangan kika yi ba." Na ce na sani. Ta ce, "To in suka kore ki fa?" Na ce ban sani ba.

Na goge mayafina mai ruwan toka.

Alhamis, 26 ga Yuni, bayan La'asar

An zauna ƙarfe sha ɗaya, mutum bakwai na kwamiti, da Dami a kujerar bakin ƙofa. Ni an kira ni ne don in kawo sakamakon sabon gwaji. Na ce talatin da takwas. Alhaji ya ce madalla, in koma bakin aiki.

Ban fita ba. Ƙafata ce ta ƙi, ba jarumta ba ce.

Na ce, "Alhaji, akwai na farko."

Muryata ba ta kai ƙarshen tebur ba, sai da aka ce in maimaita. Na ce na gwada rukunin tun Afrilu, na samu arba'in da ɗaya, na yi shakka, na bar gurbin, ban sake gwadawa ba, ban gaya wa kowa ba. Na ce littafin Turanci ya yi gargaɗi a kan haka, ni ce na tsallake wurin a fassara, shi ya sa Awaisu bai sani ba. Ban ambaci Gwaggo ba. Wannan kaɗai na iya yi daidai.

Wani dattijo daga Ƙarfi ya ce, "Arba'in da ɗaya. Kin gani da idonki?"

Na ce na gani.

"Tun Afrilu."

Na ce tun Afrilu.

Bai ƙara ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhaji ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Malama Barakatu, kwana goma sha bakwai muna neman abin da ke cikin bakinki." Na ce haka ne. Dami ta tashi ta faɗi nata, ya ce ta zauna, ya ji.

Sun fitar da mu, suka yi kusan awa ɗaya. Abin da aka yanke: za a buɗe sito gobe a ba mutanen Ƙarfi iri mai saurin nuna. Ba za a rubuta wa kowa takarda a kan Dami ba, shafin zai ci gaba, amma sai ta gyara. Ni kuma in ajiye gwaji har bayan kaka, sannan a duba. Za a kawo wani daga Funtua. Me ya lalata irin tun asali, ba wanda ya sani, wasu sun ce rufin sito, wasu sun ce tun daga gona. An bar shi a haka.

A waje Awaisu ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce, "Malama, ashe ke ma mutum ce." Ina jin lallashi yake nufi.

Juma'a, 27 ga Yuni

Na yi barci bayan Asuba har rana ta take. Ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Gajiya kawai.

Litinin, 30 ga Yuni, da hantsi

Na miƙa tire da rajista ga sabon mai gwaji. Yana jera ƙwaya kusa da juna fiye da kima. Na buɗe baki na rufe, sai kuma na sake buɗewa na faɗa masa. Ya ce ya gode.

Malam Manu ya zo karɓar iri. Ya gaishe ni, gaisuwa cikakkiya, har ya tambayi mai jiki a Maska. Bai zauna a bencina ba. Na ji yana gaya wa Awaisu rabin gonar kawai zai sake, ɗaya rabin wake zai zuba, masara ta riga ta wuce shi a can. Maganar bikin 'yarsa ban tambaya ba, ba ni da bakin tambaya.

Talata, 1 ga Yuli, bayan La'asar

Dami ta gyara shafin. Yanzu akwai jadawali na uku, ruwan ɗorawa, an rubuta a samansa: Ba a gama gwaji ba, kar a fitar. Ta kuma rubuta wa masu manhajar abin da ya same mu, a fili inda kowa zai karanta. Ta tambaye ni ko ta ɓoye suna. Na ce ta sa. Wani ya amso daga wata ƙasa, ya ce za su duba ko a mayar da nunawar ta zama ita ce ƙa'ida. Ya kuma tambaya ko mai fassarar Hausa za ta iya ƙarasa babi na huɗu.

Ƙungiyar da ta dakatar da Dami har yanzu ba ta kira ta ba.

Na zauna da sakin layin tun Azahar. Jimla huɗu ce kawai. Na buga mata waya a kan ta farko. Na sake bugawa a kan ta uku. A karo na uku ta ɗauka ta ce, "Anti, shekara guda ba ki tambaye ni komai ba, yau kuma kin hana ni cin abinci."

Na ce akwai saura wuri biyu a babi na shida.

"Ɗigo uku?"

Na ce ɗigo uku.

Ta ce in bari ta wanke hannu.

Na tura wa masu manhajar babi na huɗun kafin La'asar. Naja'atu ta zo ofis ɗaukata, ta buɗe durowa tana neman biro, ta toshe hanci. Ta ce in zubar da ledar nan, ta fara wari. Na ce ta bar ta. Na ƙulle bakinta da kyau, na mayar, na rufe durowar.